Zuwa huɗu na yi wani asibitin mata kan fushi da faɗuwar gaban kafin al'ada, ga yadda na same su

Toh na daɗe ina cewa zan rubuta wannan abu ban samu zama ba sai yau da yara suka tafi islamiyya gidan ya yi shiru. Asibitin kuɗi ne na mata a nan cikin Kano, ba wani babba bane, gida ne ma aka mayar asibiti, ɗakin ganin likita biyu, ɗan lab, sai famasi ta baya. Ba zan kama suna ba, saboda cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo bane, kuma likitar da ta duba ni ta min halacci bana son maganata ta jawo mata magana a wajen aikinta. Wata biyar kenan da fara zuwana.

Shekarata 34, yarana uku, ina saida atamfa da leshi daga gida. Kusan shekara uku kenan duk wata akwai wasu kwana takwas zuwa goma da ni kaina bana gane kaina. Akwai ranar da autana ya kifar da kofin shayi a kan leda, shayi fa kawai, ledar ma gogewa za a yi, wallahi ihun da na yi masa sai da maƙociyata ta leƙo ta katanga tana tambayar lafiya, yaron ya maƙale a bayan ƙofa yana kallona kamar bai taɓa sanina ba, ni kuma na shige banɗaki na kulle na kunna famfo don kar a ji kukana. Da daddare kuma wajen ƙarfe uku sai in farka gabana yana dukan uku-uku, ba mafarki na yi ba, ba abin da ya faru, amma zuciyata ta gama yanke cewa wani zai mutu ko Abbansu aure zai ƙara ko kuɗin mutane da ke hannuna za su salwanta. Kwastoma ta rubuto min a WhatsApp "kayanki sun yi tsada" in wuni ina jin kamar ta zage ni ta uwa ta uba. Sai jini ya zo, kwana ɗaya biyu, shikenan kamar an dawo da wuta, in tashi in share gida ina waƙa ina jin kunyar abubuwan da na faɗa.

Abin mamaki ban taɓa haɗa shi da al'ada ba. Gwaggona tace iska ce, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, na sha habbatussauda har na gaji, kuma ni ban raina addu'a ba har gobe ina azkar ɗina. Abbansu kuma cewa yake hali ne kawai na ɗauko. Ƙanwata da ke karatun nas ce ta ce Yaya ki je ki ga likitar mata mana, ita ta min kwatancen wajen.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai don in sauke shi. Risefshon ɗinsu sai a hankali. An ba ni ƙarfe goma, ban shiga ba sai ɗaya saura. Na biya 5,000 na kati, 15,000 na ganin likita, ban damu da wannan ba na san asibitin kuɗi na zo. Amma yarinyar da ke buɗe fayil daga bayan kanta ta ɗaga murya "Hajiya me ke damunki?" ga maza zaune a benci sun rako matansu awo, kowa ya juyo. Me zan ce? In ce duk wata nakan ji kamar zan haukace? Nace mata ciwon mara. Ƙarya na yi kuma haka ta rubuta. Wajen da mata ke zuwa da maganar da ko uwarsu ba su faɗa wa ba ya kamata a ce an san wannan.

Da na shiga ɗakin likita kuwa sai labari ya canja. Dattijuwa ce za ta kai hamsin, ta kalli fayil tace ciwon mara ko? Nace Dakta gaskiya ba shi bane. Ta ajiye biro tace toh faɗa min. Na fi minti ashirin ina magana ina share hawaye da gefen hijabi ba ta katse ni ba, ba ta taɓa waya ba. Sannan ta fara tambaya. Yaushe kika ga jini na ƙarshe, nace ban riƙe kwanan wata ba, ni da fashin salla nake lissafi. Barci fa, cin abinci fa, akwai hawan jini, kina tsarin iyali, bayan haihuwa kin taɓa shiga irin wannan yanayi. Ta kuma tambaye ni kai tsaye ko na taɓa jin gara in mutu ko in yi wa kaina wani abu. Ban taɓa zaton wani zai min wannan tambayar ba, kuma da ta yi sai na ji sauƙin amsawa.

Ni fa da shirina na je. Na riga na gama karance-karance a intanet na yanke cewa homon ɗina, wato sinadaran jiki masu tafiyar da al'ada, su ne suka rikice, nace Dakta a min tes ɗin homon gaba ɗaya ko nawa ne. Ta yi murmushi tace Hajiya in na rubuta miki asibitin nan zai samu kuɗi, ke kuma za ki samu takarda mai cewa komai lafiya lau. Nan ne na fara ganin girmanta, asibitin kuɗi fa, a ce ga mai son biya a hana ta.

Ta juya bayan takarda ta zana min layi biyu. Tace daga ranar da jini ya fara, sinadarin istirojin yana hawa a hankali har zuwa fitar ƙwai, wajen kwana na 14 ga mai zagayen kwana 28. Bayan ƙwai ya fita sai furojestaron ya tashi, shi ne mai gyara mahaifa ko da ciki zai shiga, ya yi kusan sati biyu, in ciki bai shiga ba su biyun su faɗo tare, jini ya zo. Wannan hawa da sauka kowace mace mai al'ada tana yinsa. Tace mu masu irin matsalata in aka auna jininmu adadin daidai yake da na sauran mata, bambancin a ƙwaƙwalwa yake, yadda take karɓar canjin. Har ta ba ni labarin wani bincike da aka yi a Amurka a 1998, aka ba mata allurar da ke tsayar da aikin ƙwayayen haihuwa na ɗan lokaci, masu wannan matsala suka samu sauƙi, da aka mayar musu da istirojin ko furojestaron sai ciwon ya dawo, su kuma matan da dama ba su da matsalar aka yi musu abu iri ɗaya ba abin da suka ji. Ruwa ɗaya ne, tace, wani rufin yana yoyo wani baya yi.

Tes uku kawai ta rubuta, na ƙarancin jini, na suga, da na maƙoƙo wato tayirod, don tace ciwon tayirod yana kawo bugun zuciya da fargaba ya yi kama da wannan sak. Duk suka fito lafiya. Magani kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta ba ni ba. Takarda ta miƙo min mai layi-layi kamar rajistar makaranta, tace kullum da daddare in ba kaina maki daga 1 zuwa 6 a kan fushi, fargaba, baƙin ciki, kuka, barci, kwaɗayi, kumburin ciki, ciwon nono, da ko na yi faɗa da wani, sannan in sa alama ranakun jini. Wata biyu cur, sannan in dawo.

Gaskiya na fito raina a ɓace. A adaidaita ina ta mita a zuciyata, dubu ashirin da kuɗin tes a ba ni takarda? Takardar ma da Turanci take, sai da ita Daktar ta bi layi-layi ta rubuta min Hausar da biro a gefe, wanda kuma wannan ma laifin asibitin ne, a Kano kuke ku buga ta da Hausa mana. Amma ta faɗa min dalili kafin in fita, tace tunani yana yaudara, mata da yawa suna rantsuwa kafin al'ada ne kawai suke shiga damuwa, in aka rubuta kullum sai a ga duk wata abin yana nan, kafin jini yana ƙaruwa ne kawai, wannan kuma ciwon damuwa ne ko na fargaba, maganinsa da tsarinsa daban. Ba ta son ta yi min maganin abin da ba shi ke damuna ba.

Na liƙa takardar a cikin murfin wadrof na dinga cikewa, wani dare in manta in cike da asuba. Ranar da na gama wata na biyu na shimfiɗa su biyun a kan gado na kalla sai da tsigar jikina ta tashi. Daga farko 1, 1, 2, 1, kamar ba ni ba. Daga kwana na 18 sai 3, 4, 5, 6, 6, 5. Kwana na biyu da zuwan jini ya koma 1. Wata na biyu kamar an yi kwafinsa. Ranar shayin autana ma da na ƙirga baya, a cikin kwanakin nan ta faɗo.

Zuwa na biyu na lallaɓa Abbansu ya raka ni. Nan ma mun sha jira, shi kam har ya fara duba agogo yana tsaki. Dakta ta jera takardun a gabansa tace Alhaji duba nan, wane hali ne yake zuwa da kalanda? Bai ce komai ba, ya daɗe yana bin layin da yatsa. Ta ce sunan abin PMDD, ba irin ɗan ɓacin ran da yawancin mata ke ji kafin al'ada bane, wannan mai tsanani ne da ke taɓa zaman gida da sana'a, mata kamar 2 zuwa 6 cikin 100 ne ke da shi, kuma sai an samu alamomi aƙalla 5 cikin 11 a rubuce na wata biyu ake tabbatarwa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sa shi cikin kundinsu a matsayin ciwo mai zaman kansa a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a nata a 2019. Kin ga ba daɗewa aka yi ba, shi ya sa ba kowa ya san shi ba.

Bayanin da ya fi zauna min shi ne na birki. Tace jiki yana sarrafa furojestaron ya koma wani sinadari mai dogon suna, alofiregnanolon, ita alo take ce masa. Shi alo ɗin yana zuwa ƙwaƙwalwa ya taɓa wajen da ake kira GABA, wanda shi ne kamar birkin ƙwaƙwalwa, mai sa mutum ya lafa ya yi barci, wajen da ƙwayar Valium ma take aiki kenan. Ga yawancin mata alo kwantar da hankali yake yi. Ga wasunmu kuma in yana hawa yana sauka sai birkin ya ƙi ci, a taka a ji mota ta ƙara gudu. Shi kuma istirojin yana da hannu a sirotonin, sinadarin da ke da alaƙa da walwala da barci da cin abinci, shi ya sa kwanakin nan zaki ga kina neman zaƙi kamar mai ciki. Abbansu direba ne a da, da ya ji maganar birki sai ya gyaɗa kai yace ai in birki ya shanye ba laifin direba bane. Ni dai na yi shiru amma wannan maganar ta fi min maganin daɗi.

Sai ta koma kan abin da na faɗa mata na haihuwata ta biyu, wanda ni na ɗauka ya wuce. Lokacin na je wankan gida, ana ta hidima da ni, ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama, Umma tana tsaye a kaina, amma ni in na kalli jaririyar ba abin da nake ji sai tsoro, ina kuka a ɓoye har bayan arba'in, har wata huɗu, kuma ba wanda na faɗa wa don kar a ce na butulce wa Allah. Dakta tace lokacin ciki waɗannan sinadarai suna ninkuwa sosai saboda mabiyiya ce ke samar da su, tana fita sai su faɗi warwas cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa masu jego da yawa suke kuka ba dalili a kwana na uku zuwa na biyar, wannan yana wucewa da kansa cikin sati biyu. Wanda ya zarce haka ciwon damuwar bayan haihuwa ne, kuma a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, yawanci wannan damuwar. Tace a Amurka har an fitar da magani da aka gina a kan shi alo ɗin, na ƙarin ruwa a 2019, na haɗiya na kwana 14 a 2023, don dai in san abin ba tatsuniya bane. Na zauna ina tunanin gidajen suna nawa na je, mai jego ta sha lalle da kwalliya an zagaye ta ana barka, ba mai tambayarta ya zuciyarki.

Maganar tsarin iyali ma na tayar, don na taɓa yin allurar wata uku kuma na ji kamar ta ƙara min nauyin zuciya. Na so yadda ta amsa, ba ta kushe ba ba ta kuma ƙaryata ni ba. Tace a Denmak an bi bayanan mata sama da miliyan ɗaya, aka fitar a 2016, aka ga masu amfani da na homon sun ɗan fi shiga shan maganin damuwa, musamman 'yan mata ƙanana, amma wannan bai nuna kai tsaye cewa shi ya jawo ba, kuma mata da yawa suna yi lafiya lau. Wadda ta ga yana taɓa ta ta faɗa a canja mata, akwai na jan ƙarfe da ake sawa a mahaifa wanda babu homon a cikinsa sam.

Magani ta ba ni zaɓi. Akwai ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin durosfirenon da ke hana fitar ƙwai, amma jinina yana ɗan hawa don haka tace ba da ni ba. Sai kalsiyam, tafiyar ƙafa, rage shayi mai ƙarfi da kofi a kwanakin. Sai kuma satralin. Ina jin tace maganin damuwa ne nace Dakta na asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau za ki ba ni? Ta yi dariya tace ko a Dawanau ɗin ma mutane ne irina da irinki. Ta bayyana min cewa ga mai ciwon damuwa yakan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin ya fara aiki kuma kullum ake sha, amma ga PMDD cikin kwanaki yake kamawa, shi ya sa ake iya shan sa sati biyun ƙarshe kawai a ajiye in jini ya zo. Haka nake yi yanzu. Watan farko na sha tashin zuciya da ciwon kai na kwana uku, kuma gaskiya yana rage sha'awa, ta faɗa min tun kafin in fara, gara ke ma ki sani. Makin da yake kai 6 yanzu iyakarsa 3. Ina jin haushin yana zuwa amma ina iya tashi in bar wajen. Don Allah kar wata ta karanta wannan ta aika yaro kemis, akwai masu ciwon da wannan maganin zai iya tayar musu da shi, akwai magungunan da ba a haɗa shi da su, tambayoyin da ta min kafin ta rubuta suna da yawa.

Sauran ƙorafina. Famasinsu tsada, na duba a waje na samu kusan rabin kuɗin, yanzu takardar kawai nake karɓa. Lambar da suka ba ni in kira in na ji wani abu, ranar da tashin zuciya ya dame ni sau biyar na kira ba a ɗaga ba. Daktar kwana biyu kawai take zuwa a sati. Ba su da mai zama da mutum a yi maganin ta hanyar tattaunawa, ita kanta tace yana taimakawa amma sai dai ta tura ni wani wajen. Sai wata nas da ke auna min jini ta leƙa fayil tace ke da Allah ya rufa wa asiri ga miji ga 'ya'ya me zai dame ki. Na san ba da mugunta ta faɗa ba, amma da a zuwan farko na ji wannan da ban sake taka wajen ba. Na faɗa wa Dakta, na ga ranta ya ɓaci ta rubuta wani abu.

In maki zan bayar irin na takardata, likita 6 cikin 6, lab 5 don risalt ya fito ranar, famasi 3, risefshon 2. Ga wadda abin nata yake zuwa yana tafiya da wata, wajen ya yi, kuma ki fara cike takardarki tun yau ko a littafin yara ne, ki je da ita a hannu kin rage wa kanki wata biyu da kuɗin zuwa ɗaya. Amma wadda take jin za ta cutar da kanta, ko mai jegon da ta daina barci gaba ɗaya tana jin muryoyi ko tana faɗin abin da ba kai, wannan ba na jiran ranar Dakta bane, a kai ta babban asibiti a ranar, asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen ƙwaƙwalwa.

Yau kwana na 19 nake, na sha ƙwayata da safe. Ɗazu na kama Abbansu ya buɗe wadrof wai hula yake nema, hularsa kuwa ba a nan take ba. Wata mai zuwa zan koma, kuma da Yayarmu babba zan tafi, shekararta 46, al'adarta ta fara tsallake wata, tana tashi cikin dare jiƙe da gumi, jiya ta kira ni tana kuka wai 'yar aikinta ta ƙona miya.